Faction: Kalmar da Kanawa Suka Daɗe da Sanin Ɗacinta

Duk wanda ya saba ratsa kasuwar Ƙofar Wambai da rana ya san cewa ba ciniki kaɗai ake yi a rumfunan ba. Daga layin masu gwanjo zuwa na masu takalma da robobi, da wuya ka wuce rumfa biyar ba ka ji rediyo a kunne ba, kuma da an fara shirin siyasa sai musu ya kaure. A irin wannan musun ne za ka ji ana cewa "tsagin wane" ko "ɓangaren wane". Idan kuma ka ɗauki jaridar Turanci da ta kawo labarin, kalmar da za ka gani a babban kanu ita ce faction.

'Yan uwa ɗalibai, musamman 'yan aji biyar da aji shida da ke shirin WAEC da NECO, wannan kalma tana jiran ku a wurare uku: a nassin fahimta na jarrabawar Turanci, a darasin Gwamnati, da kuma darasin Tarihi. Da yawa daga cikinmu mukan fassara ta da "ƙungiya" kawai mu wuce, alhali ma'anarta ta fi haka zurfi. A wannan makon za mu zauna da ita, mu ga asalinta, da yadda ake sa ta a jimla, da kuma abin da ta taɓa jawo wa birnin Kano.

Me kalmar take nufi?

Faction na nufin rukunin mutane da ke cikin wata babbar ƙungiya, amma sun saɓa da sauran 'yan ƙungiyar kan shugabanci ko manufa, har suka haɗa kai suna neman rinjaye. Sharuɗɗa uku ne a ciki. Dole a sami uwar ƙungiya da kowa yake iƙirarin shi ɗanta ne. Dole a sami saɓani. Sannan dole masu saɓanin su zama sun tsara kansu, suna da jagora, ba gunaguni kawai suke yi a ɗaiɗaiku ba.

Sharaɗin farko shi ne wanda ɗalibai suka fi mantawa. Jam'iyyu biyu da ke takara da juna a zaɓe abokan hamayya ne, ba a kiran ɗaya faction ta ɗaya. Haka Kano Pillars da Katsina United idan sun haɗu a fili, kowacce ƙungiya ce mai zaman kanta. Amma a ce magoya bayan ƙungiya guda sun rabu biyu, kowane ɓangare ya naɗa shugabansa, kowanne yana cewa shi ne halastacce, to nan ne kalmar ta sami wurin zama.

A Hausa muna da kalmomi da suka kusance ta. "Ɓangare" ita ce ta gama-gari, sai dai ba ta ɗauke da rigima a cikinta, domin ana iya cewa ɓangaren mata na asibiti. "Tsagi" ta fi dacewa, shi ya sa 'yan jarida suka fi riƙe ta, kuma idan ka lura danginta su ne tsagawa da tsagewa. Halin da ƙungiya ke shiga kuwa idan ta dare, shi muke kira ɓaraka ko rarrabuwar kai, wanda Turanci ke kira factionalism.

Daga filin tseren dawaki

Kalmar ta samo asali ne daga Latin, harshen mutanen Rum na da. A wurinsu factio ta fito daga facere, wato yi ko aikatawa, kuma tana nufin mutanen da suka haɗu suna aikata abu tare. Daga Latin ta bi ta Faransanci ta shiga Turanci wajen ƙarni na 16.

A Rum ana kiran ƙungiyoyin tseren keken doki da wannan suna. Guda huɗu ne, kowacce da launinta: Ja, Fari, Shuɗi da Kore. A hankali Shuɗi da Kore suka fi ƙarfi, goyon bayansu ya wuce wasa ya shiga siyasa. A shekarar 532, a birnin Kustantiniya wanda yau ake kira Istanbul, magoya bayan launukan biyu suka tayar da tarzomar da ake kira Nika a zamanin sarki Justinian. Sun ƙone wani babban sashe na birnin, kuma marubutan zamanin sun ce an kashe kimanin mutum 30,000 kafin ƙura ta lafa. Ka ga tun can kalmar take tafe da warin rigima.

Wannan warin har yau bai rabu da ita ba. Da wuya ka ji wani ya kira ɓangarensa faction. Kowa cewa yake yi shi ne uwar jam'iyya, ɗaya ɓangaren ne tsagi. Saboda haka idan kana karanta labari, lura da wanda marubucin ya liƙa wa kalmar, domin sau da yawa ta nan za ka gane inda ya karkata. Ɗan jaridar da ke son adalci yakan ce ɓangarorin biyu duka factions ne har sai kotu ta yanke hukunci.

Tukurawa da Yusufawa

Ba sai mun je Rum ba. Ganuwar da Ƙofar Wambai take jikinta ta ga irin wannan rabuwa da idonta. Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu a ƙarshen 1893. Sarkin Musulmi Abdurrahman ya ba da umarnin a naɗa ɗansa, Galadima Tukur. Amma 'ya'yan Sarki Abdullahi Maje Karofi, ƙarƙashin jagorancin Yusufu, suka ƙi amincewa, suka fice daga birni da magoya bayansu suka kafa sansani a Takai.

Abin lura a nan shi ne Bello da Abdullahi 'yan uwa ne, dukansu 'ya'yan Sarki Ibrahim Dabo. Ke nan Tukur da Yusufu jikokin mutum ɗaya ne, gida ɗaya, sarauta ɗaya suke nema. Wannan ne ya sa masana tarihi da ke rubutu da Turanci suke kiran Tukurawa da Yusufawa rival factions na gidan Dabo.

Yusufu ya rasu a 1894 tun yaƙi bai ƙare ba, sai ƙaninsa Aliyu Babba, wanda aka fi sani da Alu, ya karɓi jagoranci. A shekarar ce Yusufawa suka ci birni, Tukur ya fice ya nufi ƙasar Katsina, aka kashe shi a Tafashiya a 1895. Wannan shi ne Yaƙin Basasa. An yi asarar rayuka, an ƙone garuruwa, an kama 'ya'ya aka sayar a matsayin bayi, fatauci ya tsaya. Talakan da ba ya neman sarauta shi ya fi ɗanɗana kuɗarsa. Shekara takwas bayan mutuwar Tukur, a Fabrairun 1903, sojojin Ingila suka ci Kano.

Santsi da Taɓo

Misalin da iyayenmu da kakanninmu suka fi tunawa shi ne na jam'iyyar PRP, wadda Malam Aminu Kano ya jagoranci kafawa a 1978. A zaɓen 1979 ta ci kujerar gwamna a jihohi biyu: Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi a Kano, da Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa a tsohuwar Jihar Kaduna, wadda a lokacin ta haɗa da Katsina.

Ba a daɗe ba saɓani ya kunno kai. Gwamnonin biyu suka riƙa halartar taron gwamnoni tara masu kiran kansu 'yan ci-gaba, tare da biyar na UPN da biyu na GNPP. Shugabannin jam'iyya suka hana, gwamnonin suka ƙi bari. A 1980 aka kore su daga jam'iyyar, su kuma suka ce korar ba ta halatta ba, suka tsayar da tsohon jagoran 'yan ƙwadago Michael Imoudu a matsayin shugabansu. Kanawa, da gwanintarsu ta raɗa suna, suka kira ɓangaren gwamnoni Santsi, na Malam kuma Taɓo. Yadda manya ke fassarawa shi ne waɗancan santsi ya kwashe su, waɗannan kuma sun kafe inda suke kamar wanda ƙafarsa ta shige taɓo. Hukumar zaɓe ta wancan lokaci, FEDECO, ɓangaren Malam ta amince da shi.

Tambayi duk wani dattijo a unguwannin cikin birni, zai ba ka labarin yadda rabuwar ta shiga gidaje, ta raba wa da ƙani, ta raba abokan da suka sha ɗauri tare tun zamanin NEPU. A Kaduna, majalisar jiha da NPN ke da rinjaye a cikinta ta tsige Balarabe Musa ranar 23 ga Yuni, 1981, a daidai lokacin da jam'iyyarsa take a rabe. Shi ne gwamna na farko da aka tsige a Nijeriya. A Kano, Rimi ya koma NPP a 1983, ya sauka daga kujera, mataimakinsa Alhaji Abdu Dawakin Tofa ya ƙarasa wa'adin. Malam Aminu Kano ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983, kafin zaɓe. Alhaji Sabo Bakin Zuwo na PRP ya ci gwamnan Kano, amma Kaduna ta suɓuce zuwa hannun NPN, kuma wata uku kacal bayan rantsuwa sojoji suka kifar da Jamhuriya ta Biyu a ranar ƙarshe ta Disambar 1983.

Wannan labari yana koya mana wani abu game da amfani da kalmar. Muddin Rimi da mutanensa suna cewa su 'yan PRP ne, to faction ne. Ranar da suka shiga NPP, sun tashi daga wannan suna, sun zama masu sauya sheƙa, abin da Turanci ke kira defectors.

Masu darasin Gwamnati kuma kada ku manta da rikicin Action Group na 1962, wanda ke yawan fitowa a jarrabawa. Jam'iyyar ta rabu tsakanin ɓangaren Cif Obafemi Awolowo da na Firimiya Samuel Ladoke Akintola. An ba hammata iska a zauren majalisa a Ibadan, har gwamnatin tarayya ta kafa dokar ta-ɓaci a Jihar Yamma a watan Mayun shekarar, ta naɗa Dokta Moses Majekodunmi ya riƙe mulki.

Kalmar da ke iya cinye kujera

Wataƙila wani ya ce duk wannan tarihi ne. To, kalmar tana cikin Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999. Sashe na 68(1)(g) ya tanadi cewa ɗan majalisar tarayya da ya bar jam'iyyar da ta tsayar da shi ya koma wata kafin wa'adinsa ya cika, zai rasa kujerarsa. Amma an yi togiya: sai fa idan rabuwa ce ta auku a jam'iyyar, ko kuma an yi haɗaka tsakanin jam'iyyu ko tsagin jam'iyyu. Sashe na 109(1)(g) ya faɗi haka game da 'yan majalisun jihohi.

Wannan ne dalilin da ya sa duk ɗan majalisar da zai sauya sheƙa sai ka ji ya ce jam'iyyarsa ta dare. A 2015, a shari'ar wani ɗan majalisar wakilai daga Jihar Ondo mai suna Ifedayo Abegunde, Kotun Ƙoli ta yanke cewa rikicin reshen jiha bai isa hujja ba, sai rabuwar ta kai ga shugabancin jam'iyya na ƙasa. Ya rasa kujerarsa. Haka kuma kotun ce ta raba gardama a Yulin 2017 tsakanin ɓangaren Ahmed Maƙarfi da na Ali Modu Sheriff a PDP, ta ba Maƙarfi gaskiya. Ashe ma'anar kalma ɗaya tana iya zama abin da manyan lauyoyi za su shekara suna jayayya a kai.

Yadda ake sa ta a jimla

Faction suna ne da ake ƙirgawa: a faction, two factions. Ana furta ta "fakshan". Takan zo da of ko within, kuma akwai kalmomin da suka saba rakiyarta. Ga misalai:

The party split into two factions in 1980. Jam'iyyar ta dare gida biyu a 1980.

A faction within the union rejected the result. Wani tsagi a cikin ƙungiyar ya ƙi amincewa da sakamakon.

The elders reconciled the warring factions. Dattawa sun sasanta ɓangarorin da ke rikici.

Sifarta ita ce factional, shi ya sa jaridunmu ke rubuta factional chairman, wato shugaban tsagi, wanda ba kowa ne ya yarda da shugabancinsa ba. Factionalism kuwa ba a ƙirga ta, saboda haka kuskure ne a rubuta a factionalism ko factionalisms.

Sai kuma tarkon da ya fi kama ɗalibai. Akwai kalmomi uku masu kama da juna a kunne. Fraction, da harafin r, ita ce ta darasin Lissafi, kamar rabi ko kwata. Fiction, da harafin i, ƙagaggen labari ne. Faction ita ce tamu ta yau. Wanda ya rubuta a fraction of the party, abin da ya ce shi ne wani ɗan kaso na 'yan jam'iyya, bai ambaci rigima ba ko kaɗan. Harafi ɗaya ya sauya ma'ana, maki kuma ya tafi.

Akwai kuma maƙwabtanta da ya kamata a bambance. Wing reshe ne da ƙungiya ta kafa da kanta, kamar reshen mata ko na matasa. Clique 'yan tsirarun abokai ne da ba sa barin kowa ya shiga cikinsu, irin waɗanda kowane aji yake da su. Splinter group su ne waɗanda suka riga suka ɓalle suka kafa tasu. Sect kuwa an fi amfani da ita a kan rabuwar addini. A tambayar da ake neman kalma mafi kusa da ma'ana, duba ko mutanen suna cikin ƙungiyar har yanzu, kuma ko rigima suke yi.

Masu darasin Adabi su riƙe wannan ƙarin: akwai wata faction ta daban da aka ƙera daga fact da fiction, wato rubutun da ya cakuɗa gaskiya da ƙage. Da wannan suna marubucin Amurka Alex Haley ya siffanta littafinsa Roots na 1976. Rubutunsu ɗaya, amma ba dangi ba ne, jimla ce za ta nuna maka wadda ake nufi.

Shin saɓani laifi ne?

Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. A 1787, James Madison, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka na huɗu, ya rubuta maƙala a kan wannan kalma. Ra'ayinsa shi ne muddin mutane suna da 'yancin tunani kuma bukatunsu sun bambanta, ba za a rasa tsagi ba, kuma duk wanda ya ce zai kawar da shi baki ɗaya sai ya danne 'yancin jama'a. Abin da za a iya shi ne a yi tsarin da zai rage ɓarnarsa.

Mu sauko da maganar ƙasa. Mu ɗauka masu sayar da takalma a Ƙofar Wambai suna da ƙungiya, wa'adin shugaba ya ƙare amma ya ƙi kiran zaɓe, kuma ba a san inda kuɗin da ake tarawa duk mako suke tafiya ba. Wasu suka haɗu suka ce sai an yi bayani. Waɗannan ba masu laifi ba ne, domin tambayarsu halas ce. Ɓarna tana farawa ne ranar da suka buga tasu takardar karɓar kuɗi, kowane ɓangare ya hana 'ya'yansa gaisawa da na ɗaya. Daga ranar, idan hukuma ta zo da sabon haraji ko maganar tashin rumfuna, babu murya ɗaya da za ta tsaya musu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Haka abin yake a makaranta. Ƙungiyar muhawara, ta 'yan jarida, ta wasan kwaikwayo, ko ƙungiyar ƙwallon unguwa, yawanci abu uku ne ke tarwatsa su: zaɓen da ba a yarda da shi ba, kuɗin da ba a yi bayaninsu ba, da tsegumin da ake kaiwa da komowa, wanda yanzu ya koma zaurukan WhatsApp. Maganinsu ma sananne ne. A rubuta dokokin ƙungiya tun ana dariya, kafin a ɓata. A ƙirga ƙuri'a a gaban kowa. Ma'aji ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a kowane zango. Wanda ya faɗi zaɓe a ba shi aiki a kwamiti, kada a mayar da shi saniyar ware. Idan kuma rigima ta fi ƙarfinku, ku kai wa malamin da ke kula da ƙungiyar tun kafin kowa ya naɗa nasa shugaban.

Akwai gargaɗi na musamman ga samari. Duk lokacin da manya suka rabu a siyasa, matasa ake nema su riƙe gora. Manyan kan shirya bayan shekara biyu ko uku, ka gan su a hoto suna dariya, amma wanda aka sara ko aka ɗaure ba a dawo masa da abin da ya rasa. Kafin ka bi wani tsagi, tambayi kanka a kan me aka rabu, kuma me zai same ka idan gobe suka sasanta.

Wanda ke son ƙarin bayani kan Santsi da Taɓo, ya roƙi malamin Gwamnati ya shirya musu ziyara Gidan Mambayya da ke Gwammaja, gidan Malam Aminu Kano, wanda yanzu cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ce ta Jami'ar Bayero. Don tarihin sarakunan Kano kuma, Gidan Makama yana nan kusa da fadar Sarki.

Gwada kanka

Cike gurbi da faction, fraction, fiction, factional ko factionalism:

1. Only a small ______ of the students paid the fee.
2. The ______ loyal to the former captain formed its own committee.
3. ______ destroyed the traders' association.
4. The police invited the ______ chairman for questioning.
5. The story is pure ______. It never happened.

Amsoshi: 1. fraction 2. faction 3. Factionalism 4. factional 5. fiction. Wanda ya ci biyar, ya koya wa na kusa da shi. Wanda ya ci ƙasa da uku, ya sake karanta sashen jimloli, sannan ya rubuta nasa misalan guda uku ya kai wa malamin Turanci ya duba masa kafin mako mai zuwa.